Ranar da Maikano Ya Ɗaura Kallabi

A gyara zama, a kore awaki daga bakin tabarma, mai tari ya yi abinsa tun yanzu. Ga Maikano ɗan Altine, Bijimin Kudu da Matankari, tsohon ɗan kokowa wanda ƙasa ta san bayan maza da yawa kafin ta san nasa, gwamnan gona biyu da jaki guda, babban alƙalin gindin bishiyar bedi wanda ba a taɓa kai wa ƙara ba amma kullum sai ya yanke hukunci. In ba ku taɓa jin sunansa a rediyo ba, laifin rediyo ne.

Wanda ya gan shi yau ba zai waiwaya ba. Dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, wuyansa da kansa kusan kaurinsu ɗaya, in yana tafiya yana jan ƙafar hagu kamar mai share sawunsa kada a bi shi. Ƙauyensu na tsakanin Matankari da Dogon Dutsi, irin garin da rezo, wato layin waya, ba ya sauka cikinsa sai an hau tudu an lallashe shi. Shekarunsa kuwa sun danganta da mai tambaya. In likita ne, hamsin da 'yan kai. In samari ne suke gardamar ƙarfi, sai ya ce shi jiya-jiya ya daina girma.

Lakwal, wato makarantar boko, ya shiga ta ƙofa ya fita ta taga, ba a kuma aika kowa nemansa ba. Abin da Allah ya ba shi ƙugu ne da damtse. Tun gemunsa bai fito ba, da an ɗaure gero an kai rumbu, shi da makaɗinsa Iro sai su kama hanya: yau Kore Mairuwa, gobe Ɗan Kassari, jibi Tibiri. Ba wanda ya taɓa auna masa numfashi ko ya ce masa yau ka isa haka. Damina ya yi noma har hauya ta gaji, rani ya hau tudun rairayi da buhu a kafaɗa, ya sauko ya zauna gaban tuwon da zai ishi gida guda. Karatunsa kan jikin ɗan Adam layi ɗaya ne, kuma ya haddace shi sarai: jiki ƙarfe ne, in ka aje shi ya yi tsatsa.

Shekarar da ake zaɓen waɗanda za su wakilci Dosso a kokowar takobi, babbar gasar ƙasa, sunansa na bakin mutane. Sai gwiwarsa ta gurɗe a wata karawa a Kore Mairuwa. Mai ɗori ya shafa, ya ɗaure, ya ce ya zauna sai wata ya sake. Bai ko fara sabawa da tabarma ba Iro ya zo ƙofar gida da ganga, ya dinga kiran sunansa da na uwarsa da na kakansa. Maikano ya kwance ɗaurin, ya ɗaura layu, ya shiga fili. Ya kayar da abokin karawarsa kuwa, gaskiya ɗaya ce. Amma gwiwar ita ma ta kayar da shi, kuma tata kayarwar ba a tashi daga gare ta ba. Shi dai tun ranar nan bai yarda kokowar ce ta ɓata ƙafar ba. Cewa yake jifa aka yi masa daga wajen Tibiri, ya ma san gidan.

Daga nan rayuwa ta bi da shi inda take bi da kowa. Ya yi cin rani a Kwatano yana dakon kaya, ya yi a Kano yana sayar da shayi, ya dawo ya auri Sahura, matar da ba ta da yawan magana amma in ta yi guda sai a kwana ana juya ta. Suka haifi 'ya'ya, na huɗunsu Is'haƙa.

Yaron nan bai gaji wuyan ubansa ba, dogo ne siriri kamar karan dawa. Amma in ya sa gudu, kare ma sai ya tsaya ya dubi ikon Allah. Tun yana ƙarami ƙwallon tsumma yake bi. Maikano kan tsaya ya girgiza kai ya ce bai ga abin yi ba a ce maza ashirin da biyu suna bin fata guda, ba mai kama ƙugun wani. Da yaron ya shiga koleji a Dogon Dutsi wani malamin wasanni ya gan shi, magana ta kai Yamai, aka ɗauke shi a wata santir inda ake renon 'yan ƙwallo, ana ci da su, ana koya musu.

Can ne ya faɗa hannun masu awo. Komai nasa aunawa ake: gudun da ya yi, tsallen da ya yi, bugun zuciyarsa, barcinsa, har ruwan da ya sha. Wata rana ya aiko da hoto yana sanye da wata 'yar baƙar riga matsattsa wadda ta tsaya iya ƙirji, da wani ɗan abu kamar akwatin ashana a tsakanin kafaɗunsa, wai shi ke gaya wa ordinatar, wato kwamfuta, ko ya yi aiki ko ya yi ha'inci. Hoton ya zaga gari. Mata a bakin rijiya suka tare Sahura suka ce, “Yaya, ashe ɗanki rigar mama yaka sawa a Yamai?” Ta ce, “Tashi ta fi taku tsada,” ta ɗauki tulunta.

To, daminar da ta wuce, gero ya kai gwiwa, sai ga Is'haƙa a kan babur ɗin kabu-kabu, ya sauka a hankali kamar tsohuwa. Tsokar bayan cinyarsa ta dama ce ta tsage a wani wasa. An yi masa magani, ta fara haɗewa, santir kuma ta rufe don hutu, aka ce ya je gida ya ƙarasa warkewa. A hannunsa akwai wani baƙin agogo da aka ce kada ya cire ko wanka zai yi.

Ya zauna gaban ubansa ya yi bayani. Agogon nan na jin bugun zuciyarsa da motsinsa, ya faɗa wa wayarsa, wayar kuma duk lokacin da ta samu rezo ta faɗa wa Mushe Abdulwahid, wato Malam Abdulwahid a bakin masu Faransanci, mai kula da lafiyar jikinsu a Yamai. In ya nuna kore, lafiya lau. Rawaya, a sassauta. Ja kuwa ba a son ganinsa sam. An ce ba gudu, ba ƙwallo, ba tsalle, ba doguwar tafiya. Dalili kuwa, da kaka wasu mutane za su zo daga wata babbar ƙungiya ta ƙasashen Larabawa su gwada yara kaɗan, yana cikinsu. In cinyar ta warke, zai shiga gwajin. In ta sake tsagewa, an ba wani gurbinsa, kuma irin wannan ƙofa ba ta buɗewa sau biyu.

Maikano ya saurara har ƙarshe. Ƙwallo bai dame shi ba, amma ya san mene ne a ce sunanka na bakin mutane sannan ƙafa ta ci amanarka. Ya ce, “To. Cinyar ga ta zama tawa. Ni ka tsaron ta.”

Ya tsare ta kuwa, tsaron da ko jandarma sai haka. Ya bi yaran unguwa ya ƙwace ƙwallonsu ya jefa cikin rumbu, kada ɗansa ya gani ƙafarsa ta yi ƙaiƙayi. Ya hana shi saurin zuwa masallaci, ya ce gara ya rasa raka'a da ya rasa cinya. Ya hana shi ɗaukar ko buta, ƙannensa ke kai masa ruwa. Da wata akuya ta tsinke ta bi ta gaban yaron ya yunƙura zai tare ta, Maikano ya daka masa tsawar da ta sa akuyar kanta ta koma turke.

Da safe kuma ya ɗaura wa jaki amalanke, ya shimfiɗa buhu biyu don taushi, ya ce, “Hau.”

“Ina za mu, Baba?”

“Gona.”

“Baba, hutawa anka ce in yi.”

“Mi anka hana ka? Gudu. Ka taɓa ganin mai gudu cikin gona in ba maciji ya gani ba? Tsalle. Kai kwaɗo ne? Tahiya mai nisa. To ga jaki, ko taku guda ba ka yi. Noma ai ba wasa ne ba, shi ka gyara jiki. Hau.”

Yaron ya hau. A gaskiya shi ma bai ga aibin abin ba. A Yamai an lissafa masa abubuwan da zai bari, ba wanda ya ambaci hauya. Tabarma kuma ta ishe shi, ga sa'o'insa duk suna gona, shi kaɗai a gida da kaji. Haka aka dinga yi. Kullum a ɗauko shi a amalanke kamar amarya, ubansa na tafe a gefe yana jan tasa ƙafar yana kauce wa ramuka kada a girgiza majinyaci, a sauke shi a bakin gona a hankali, a miƙa masa hauya ya yi ta yi har rana ta take. Gari duka ya yaba. Dattawan gindin bedi suka ce ba su taɓa ganin uba mai kula irin Maikano ba. Gonarsa rairayi ce, da doguwar hauyar tsaye ake tura ta, aikin bai cika tsanani ba. Agogo ya riƙa nuna rawaya, wani lokaci ya leƙa ja ya dawo. Yaron ya juya fuskar agogon ta koma cikin hannu. Wayar kuma tana ƙarƙashin matashi a gari inda ba rezo, ta cika da labari ba ta da wanda za ta gaya wa.

Ana nan sai Halilu ya aiko da goron gayya. Halilu taubashin Maikano ne, ɗan ƙanwar ubansa, don haka tun suna yara ba wanda ya taɓa gaya wa ɗan'uwansa magana mai daɗi a gaban mutane. Ciyawa ta fi ƙarfin gonarsa ta kan tudu, ya yanka bunsuru, ya kira samarin gari da makaɗa. Ya zo da kansa ya tsaya ƙofar gida.

“Gurgu, kana ciki?”

“Ina ciki, mai gonar ciyawa. An ce bana har kura ta haihu a gonarka ba ka sani ba.”

“Ita na zo in kore. Kowane gida na ba da namiji guda. Kai naka gidan akwai namiji, ko in aiko a ɗauki jakin?”

“Ɗana na nan.”

“Wane? Mai rigar mama? Bar shi ya huta, kada rana ta ɓata mishi fata.”

Maikano ya ce a aje wa ɗansa layin tsakiya.

Gayyar garin nan tana da wata doka da kowa ya tashi ya tarar. Samari kan jera, kowa da layinsa, makaɗi na binsu a baya. Duk wanda ya aje hauya kafin mai gona ya kira fura, 'yan mata masu kawo ruwa za su ɗaura masa kallabi, ya shiga cikinsu ya yi ta raba wa maza ruwa, ba zai cire ba sai rana ta faɗi. Akwai wani mutum da aka ɗaura wa tun kafin a kawo kwalta Dogon Dutsi, yau yana da jikoki, amma har gobe Ta-Ruwa ake ce masa.

Ranar gayya aka kawo Is'haƙa a amalanke kamar kullum. Ya tuɓe riga, ya ba ubansa wayarsa ya riƙe masa, ya karɓi gajeriyar hauya, don ƙasar Halilu mai tauri ce, sai an duƙa. Maikano ya zauna gindin gawo da sauran dattawa. Iro, wanda yanzu haƙoransa ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba amma hannunsa na nan yadda yake, ya rataya ganga. Aka fara.

Kafin hantsi ya yi zafi, dogon yaron nan ya bar kowa a baya. Numfashin da aka gina a Yamai da awo da lissafi, ga shi yau yana cin ciyawar Halilu. Iro ya bar sauran samari ya manne masa, ya tono taken da ya daɗe bai kaɗa ba.

“Jikan Altine, ɗan mai wuya! Ubanka ya kada maza, kai kada ciyawa! Ƙasa ta san gidanku, ba ta gardama!”

Maikano ya shafa gemu. Ya dubi Halilu ya ce, “Fatar tasa ta ɓaci, ko da saura?” Halilu ya yi kamar yana neman wani abu a aljihu.

Samari suka kai ƙarshen layi suka juyo, suka biyo ta gindin gawo suka kurɓi ruwa a tsaye, suka sake duƙawa. Nan ne agogo ya samu wayarsa kusa, wayar kuma ta samu rezon kan tudu, ta kwashe duk abin da ta tara ta aika Yamai. Ba a jima ba aljihun Maikano ya kama ruri. Wani ya danna masa, ya kara a kunne.

“Is'haƙa?”

“Ubansa ne.”

“Baba, ina wuni. Abdulwahid ne, daga santir.”

“Mushe. Lahiya lau. Ina gajiya? Ina iyali? Ya ruwa wajenku? Mu nan mun gode Allah, shekaranjiya ma…”

“Lafiya lau, Baba, don Allah ina yaron yake? Wa ke korar sa?”

“Korar sa? Ga shi nan gabana.”

“Abin da nake gani a nan, zuciyarsa na cikin ja tun da safe. Ko a wasan kofi ban taɓa ganin ta daɗe haka ba. Amma kuma ba ya zuwa ko'ina, ya je ya dawo, ya je ya dawo a wuri guda. Ƙwallo yake bugawa?”

Maikano ya gyara zama, don an zo inda zai karɓi yabo. “Mushe, kwantar da hankalinka. Ƙwallon garin ga duka na cikin rumbuna. Ba gudu, ba tsalle. Ko tahiya ba ya yi, da amalanke nike kawo shi.”

“Kawo shi ina?”

“Gona. Yau ma gayya ce, shi ke gaba.”

Aka yi shiru har Maikano ya ciro wayar ya duba ko ta mutu.

“Baba,” muryar ta dawo a hankali, “a duƙe yake?”

“To da a kwance aka noma?”

“Bon. Ka saurare ni. Laifina ne, ni ɗan birni ne, na lissafa masa komai ban tuna da hauya ba. Tsokar nan da ta tsage, ita ce ke miƙewa duk lokacin da ya duƙa, ita ce ke ja duk lokacin da ya ɗago. Kamar ƙyallen da aka ɗinke jiya ne ka ba mutum biyu suna ja. Jiki bai san wannan wasa ne wannan noma ne ba, nauyi kawai ya sani. In ta sake buɗewa ba maganar gwaji, watakila ma ba maganar ƙwallo. Ka tsayar da shi yanzu. Ba in ya ƙare layi ba, Baba. Yanzu.”

Maikano ya sauke wayar. Can tsakiyar gona ɗansa na duƙe, bayansa na sheƙi, Iro na kansa da ganga. Sai yanzu ya lura yaron na ɗan karkata nauyinsa kan ƙafar hagu duk sanda zai ɗaga hauya. Ya san wannan karkatar. Ya san kuma wannan kiɗan, shi ne wanda aka yi masa a ƙofar gida yana zaune da ɗaurarriyar gwiwa. Shekara da shekaru yana zagin wani gida a Tibiri, ashe mai jifan da ganga ya zo, shi kuma da ƙafarsa ya fita ya tare shi.

Ya tashi. Dattawa na tambayar ina zuwa, ya wuce su. Ya ratsa gero yana jan ƙafa har ya tsaya a gaban hauyar ɗansa.

“Aje.”

Yaron ya ɗago, gumi na zuba daga haɓarsa. “Baba, saura kaɗan a kira hura.”

“Aje, na ce.”

“Kallabi za su ɗaura min.” Ya rage murya. “Gaban kowa, Baba. Dama suna cewa ni ba namiji ba ne. In koma Yamai da wane suna?”

“Da cinya biyu za ka koma. Kawo.”

Ya kama ƙotar. Yaron bai saki ba, uban bai saki ba. Tsohon ɗan kokowa ne fa, ya murɗa hannu sau ɗaya hauya ta dawo wajensa, ya yar da ita ƙasa. Ganga ta tsaya. Samari suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna riƙe da ƙugu. 'Yan matan ruwa kuwa, da ma abin da suke jira ke nan tun safe, suka taho da gudu da wani jan kallabi mai furanni, suna guɗa.

Halilu ya iso yana dariya har da riƙe ciki. “Taubashi, mi ya faru? Man shanun Yamai ya narke?”

Is'haƙa ya sunkuyar da kai. Babbar cikin 'yan matan ta ɗaga kallabi za ta kai kansa, Maikano ya tare hannunta.

“Wa ya aje hauya?” ya tambaye ta.

Ta dubi ƙawayenta. “Kai ne, Baba.”

“Kun ga ya saki da kansa?”

“A'a.”

“To ni na aje. Kawo nan.”

Ya cire hularsa ya cusa a aljihu, ya karɓi kallabin ya naɗa a kan furfurarsa kamar mai ɗaure bakin buhu. Wuri ya yi tsit, don ba a taɓa ganin an ɗaura wa mai jikoki ba, ba a kuma san ko dariya ta halatta ba. Sai yarinyar ta ce, “Baba, ba haka aka yi ba, kunnenka guda na waje,” ta miƙa hannu ta gyara masa, har da ɗan tsini a gaba. Nan gona ta fashe. Wani saurayi ya faɗi cikin gero yana shure-shure. Halilu ya ce a ba shi rana, shi zai kawo kayan zance.

Maikano ya ɗauki tulu da ƙwarya. Kafin ya fara rabo ya biya ta wajen Iro, ya tsaya dab da kunnensa.

“Ka ci gwiwata, ba ka cin cinyar ɗana.”

“Ni na ce ka hito?” in ji Iro.

“Ganga ta ce.”

Iro ya dube shi, ya dubi ƙafar, ya juya gangar ya koma bayan wani saurayin.

Haka Bijimin Kudu da Matankari ya yi ta bin layi yana ba yara ruwa, suna cewa “sannu Inna,” yana cewa “sha ka ba ni ƙwaryata, ɗan banza.” Ɗansa na zaune gindin gawo, ƙafa a miƙe, ba wanda ya ko tuna da shi. Da aka kira fura ya ɗora yaron a amalanke suka nufi gida, kallabi na kansa, don rana ba ta faɗi ba.

Sun yi nisa kafin Is'haƙa ya yi magana. Ya ce tun layi na biyu yake jin wani abu a bayan cinyar, kamar ana tsikarinsa da ƙaya daga ciki. Maikano ya rage wa jakin sauri.

Sahura na tankaɗe a tsakar gida suka shigo. Ta dubi kan mijinta, ta dubi yadda ɗanta ke saukowa yana dafa bango, ta aje rariya. Ba ta tambayi kallabin ba. Ruwa ta ɗora a wuta, ta shiga haɗa wa yaron kaya.

Washegari aka kai shi Dogon Dutsi ya hau motar Yamai, inda za a ɗauki hoton cikin cinyar. Daga nan Maikano ya koma mazaunin tudu. Kullum da hantsi zai ari wayar maƙwabci, wadda aka ba santir lambarta, ya hau gonar Halilu ya zauna gindin gawo, wayar a kan gwiwarsa, yana kallon ta kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Abinci ya daina yi masa daɗi. Ko hukunci ya daina yankewa a gindin bedi. Halilu kan zo ya ce, “Amarya, har yanzu angon bai kira ba?” sannan ya zauna kusa da shi, ya ɓare goro ya ba shi rabi.

Ranar da wayar ta yi ƙara, Halilu ne ya danna masa. Mushe Abdulwahid ne. Ya ce an duba, ɗinkin bai buɗe ba. Wurin ya kumbura, ya sha wuya, da an ƙara ko layi biyu da wani zance ake yi, amma bai buɗe ba. Za su riƙe yaron a wajensu su bi shi sannu-sannu, kuma zai shiga gwajinsa.

Maikano ya saki wani numfashi mai tsawo, kafaɗunsa suka sauko. Ya shafa fuska da tafin hannu. Sannan ya gyara murya ya ce, “To madalla. Mushe, ran nan ba ka ba ni amsa ba. Ya ruwa wajenku?” Suka yi ta hirar damina har cajin wayar mutane ya ƙare. Da ya sauko gari ya buɗe rumbu ya jefa wa yara ƙwallonsu, ya ci tuwo kwano biyu, ya kwanta a inuwa ya yi barcin da har la'asar ta wuce shi.

Da kaka Is'haƙa ya yi gwajinsa da 'yar baƙar rigarsa, ya yi gudu, cinya ba ta ce komai ba, mutanen suka ce ya biyo su bayan salla. Sunan Mai Kallabi kuwa ya bi Maikano, har jikokinsa na kiransa da shi in sun tabbata sun fi ƙarfin sandarsa. A bana da aka yi gayya wani yaro ya ji jiri ya aje hauya, aka ɗaura masa, ya raba ruwansa yana dariya, abin bai ko kai gari ba.

Da na gama haɗa wannan tarihi na same shi a gona yana duƙe. Na tsaya a kansa na ce, “Baba Maikano, albishirinka. Na sa ka a takarda. Daga Yamai har Kano za a karanta yadda ka sayar da girmanka ka sayi ƙafar ɗanka. Mi za ka ce wa duniya?”

Bai ko ɗago ba. Ya ce, “Ɗaga ƙafarka, kan wakena ka tsaya.”